Sawu a Yashin Hajiya Tabawa

Ranar Juma'a ce, mutanen unguwar Dar es Salam ta Yamai suna dawowa daga masallaci da dardumansu a kafaɗa, sai ihu ya tashi daga gidan Alhaji Abdoulkarim mai shagunan atamfa a kasuwar Wadata. Yelwa mai dafa abinci ce ta fito titi ba ko ɗankwali, tana faɗin an kashe Hajiya. Ba a kashe ta ba, amma kaɗan ya rage. An tarar da Hajiya Tabawa, mahaifiyar Alhajin, kwance a ƙasan ɗakinta, ƙeya a fashe, ba ta san inda kanta yake ba. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta a buɗe yake, zinariyar da ta tara tun zuwanta Makka na farko babu ko sarƙa ɗaya.

Kafin motar da ta ɗauke ta ta kai asibiti, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Wani mai kaifin ido ya hango takalman roba a ƙofar ɗakin mai gadi, da jini a jikin ɗaya. Mai gadin kuwa Isaka ne, Bazabarme ɗan Tondibia, wanda ya shigo gidan da baƙin gashi har ya yi furfura a bakin ƙofar. Yana isowa da carbinsa a hannu samarin unguwa suka rufe shi da duka, waɗanda ya sha raba su faɗa suna yara su ne a gaba. Da 'yan sanda ba su iso ba, da gawarsa za a kwasa.

Bayan la'asar Alhaji ya aika aka kira Zailani.

Zailani mutumin Dakoro ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuma da shanun da aka sace. Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama ya sauko Yamai, yana sayar da harawa a bayan Wadata, yana kwana da iyalinsa a wani kangon Alhaji da ba a gama ginawa ba. Mutum ne da ba ya kallon fuska in ana gaisawa, ƙafafu yake kallo, har mata sukan ja zane su rufe kaushinsu in sun hango shi.

"Malam Zailani, ɓarawon yana hannu," in ji Alhaji, idanunsa jajir. "Abin da nike so, ka bi mini inda ya kai zinariyar. Ko rami ya gina, ka tono mini shi."

Zailani ya ce to, a nuna masa wurin.

Sashen Hajiya yana can ƙuryar gida, bayan wata ƙaramar ƙofa. Duk gidan daɓen karo ne, wato tayil mai sheƙi, ban da nan. Tsohuwar ta ƙi, ta ce ba za ta zo birni ta ƙare da karayar ƙugu ba. Yashin bakin kogi ake zuba mata a tsakar gida har cikin ɗaki, kamar yadda ta saba a Maradi, kullum da safe Yelwa ta share shi ya kwanta lumui. Zailani ya ji daɗin ganin yashin nan kamar an ba shi kyauta. Ya hana kowa ketare ƙaramar ƙofar, ya shiga shi kaɗai yana bin gefen bango.

Ga sawun Yelwa da ta fita da gudu. Ga na maza da suka shiga da takalmansu a gigice suka ɗauko tsohuwar. A ƙarƙashin waɗannan kuma ga takalman roba, sun taho daga ƙaramar ƙofa sun nufi ɗaki, sun koma. Na Isaka ne, babu tantama, har da tsagar da ke dugadugin hagu.

"Ka gani ko?" Alhaji ya ce daga bakin ƙofa.

"Na ga takalmi, Alhaji."

Zailani ya matsa bakin ɗakin. A hagun ƙofar akwai randa, a bayan randar kuma, inda ba wanda ya taka, sai ga sawun takalman nan biyu a jere, kafaɗa da kafaɗa, hancinsu na kallon bango. Ba sawun tafiya ba ne. Tuɓe su aka yi aka ajiye, ajiya ta ladabi. Zailani ya daɗe a tsugune. Ya bi ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa cin karo da wanda ya zo fashi ya tsaya yana jera takalmi ba. Mai gudun ƙara tun daga bango yake tuɓewa, ba sai ya gama ratsa tsakar gida ba.

A cikin ɗakin, ta gefen gadon da masu ceto ba su taka ba, ya sami abin da yake nema: gaban ƙafa ba takalmi, na wanda ya yi sanɗa a kan yatsu. Siririya ce, yatsun a matse da juna, babban ya karkata ya hau maƙwabcinsa. Kusa da inda jini ya jiƙa yashi kuma ga gurbin gwiwoyi biyu sun nutse sosai, alamar an jima a durƙushe. Ya ce a miƙo masa ƙorai, ya kife a kan kowane sawu, ya sa Alhaji ya kulle sashen ya ba shi mabuɗi.

*

Babban ɗan sandan da maganar ke hannunsa ya san Zailani tun wata satar tumaki, don haka bai wahalar da shi ba. Ya nuna masa takalman, ya kai shi wurin Isaka.

Zailani ya juya takalman. Ƙasansu yashi ne kawai. Jinin a sama yake, inda tafin ƙafa ke zama, alamar ƙafa ce ta taka jinin sannan ta shiga takalmin.

Isaka yana zaune a ƙasa, ido ɗaya ya rufe saboda kumburi. Hausarsa har yau da ɗanɗanon Zabarmanci take fita.

"Malam Zailani, Hajiya ta farka?"

"Tukuna. Ina ka yi Juma'a, da ba wanda ya gan ka?"

"Masallacin mutanenmu, can wajen hanyar Tondibia. Kullum can nike yi, in ga 'yan gida, in ji labarin gona. Ran Juma'a takalmin fata nike sawa, na roba ina barin su ƙofar ɗaki. Kowa a gidan ya sani." Muryarsa ta karye. "Ni ke ɗauko mata yashin nan da amalanke. Da hannuna nike tankaɗe shi kada tsakuwa ta soke ta. Yau ni ake cewa na fasa mata kai."

Zailani ya dubi ƙafafunsa. Faffaɗa ne, yatsun a warwatse kamar na duk wanda ya girma yana taka laka a bakin kogi.

A waje ɗan sandan ya gaya masa gaskiya. Litinin za a miƙa Isaka gaban alƙali, in kuwa tsohuwar ta cika, magana ta zama ta kisan kai. Shaidar 'yan garinsu ba za ta yi nauyi ba a gaban takalmi mai jini. In Zailani yana da wata ƙafar, ya kawo ta kafin nan.

*

Da safe Zailani ya fara da wanda bakin unguwa ya fara juyawa kansa a ɓoye, wato Yacouba, babban ɗan Alhaji. Yaron ya bar karatu, bai kama kasuwa ba, amma moto sabo, wato babur, yake hawa, takalmansa masu tsinin baki sai ka ce za su soke wani. Kuma ba wanda ya gan shi a sahu ranar Juma'a.

Ya same shi a fadarsu, inda samari ke zaman shayi gindin wata bishiyar bedi, kowa da waya a hannu, ba mai kallon wani. Aka ba shi kujera da ɗan kofi.

"Tonton, na san abin da ya kawo ka," in ji Yacouba, yana kiransa kawu da Faransanci. "Ban je masallaci ba. Amma don Allah kada Papa ya ji."

"Ina ka je?"

Yaron ya sosa ƙeya, ya miƙo waya. Ga shi nan jingine da wata jibgegiyar mota a bakin kogi, da tabarau, hannu ɗaya a kan ƙofa kamar shi ya saye ta. Motar ta maigidan wani abokinsu ce, direba. Lokacin Juma'a kaɗai ake iya sato ta, maigidan na masallaci, su yi layi kowa a ɗauke shi hoto, a mayar kafin a sallame.

"Kun bar salla don ku tsaya kusa da motar wani?"

"Tonton, yanzu in ba a gan ka da abu ba, ko gaisuwarka ba a amsawa."

Zailani ya saukar da ido kan tabarma, inda yaron ya miƙe ƙafafu ba takalmi. Yatsun a matse suke, gaskiya, amma ƙafar doguwa ce, kuma yatsa na biyu ya zarce babban. Ba ita ba ce. Ya shanye shayinsa ya tashi, yana jin kunyar da ya kamata a ce yaron ne ke ji.

*

Ya tarar da Yelwa tana tsince shinkafa tana share hawaye da gefen zane. Ya zauna nesa kaɗan, ya tambaye ta kamar mai hira: in za ta shiga wurin Hajiya, ina take tuɓe takalmi?

"Ni? Tun ƙaramar ƙofa. Isaka ma can yake barin nashi in ya kawo yashi. Baƙi kuma a gaban ɗaki, inda suka ga dama."

"Bayan randa fa?"

"A'a, nan wurin jikoki ne." Har ta ɗan yi murmushi. "Hannun dama wurin butar Hajiya ne da takalmanta, ba mai ajiye komai. Jikoki sai hagu, bayan randa, a jere, hanci na kallon bango. Wanda ya watsar da nashi, da muciya take bin shi. Yacouba ya sha ta. Ƙanwarshi Nafissa kam ba ta taɓa mantawa, ai a ɗakin aka yaye ta, a bayan Hajiya ta girma."

Zailani ya matso kusa.

"Nafissa tana ina lokacin da abin ya faru?"

"Tana ɗakinta a sama, da abin jin kiɗa a kunne. Ni kuma na je kai niƙa. Baiwar Allah, ko asibitin ta kasa zuwa, ta ce ba ta iya ganin Kaka a haka." Yelwa ta ajiye faifan. "Abin da ya fi ci mini rai, Malam, 'yan kunnen. Hajiya Madina, matar Alhaji, ta kira daga asibiti ta ce babu su. Masu murɗi ne, ba sa fita da sauƙi, kuma kunnen bai yage ba. Wato mugun nan zama ya yi, tsohuwa na zubar da jini, yana kwance su a hankali ɗaya bayan ɗaya."

Zailani ya tuna gurbin gwiwoyin nan. Jiya ya ɗauka mai laifin ya durƙusa ne don ya ga ko tana numfashi, har ya ɗan ji tausayinsa. Ya miƙe bai yi sallama ba, ya fita waje ya dafa bango. Ya taɓa ganin makiyayi da aka yanka saboda raƙumi, bai ji abin da ya ji yau ba.

*

Bayan azahar ya roƙi Alhaji ya tara mutanen gida a sashen Hajiya. Ya sa Yelwa ta share yashin bakin ɗaki da na ciki, ban da inda ƙoran ke kife. Alhaji ya zo, Yacouba ya zo yana raba ido, direban gidan ya tsaya a baya. Nafissa ce ta ƙarshe. 'Yar jami'a ce, kyakkyawa, mai sanyin murya, irin yarinyar da iyaye ke nuna wa 'ya'yansu su yi koyi. Ta gaida Zailani har ƙasa.

"Ba wani abu ba ne," in ji shi. "Kowa shi shiga ɗakin, shi taɓa gadon, shi fito."

Yelwa ta shiga, takalmanta tuni suna can ƙaramar ƙofa. Direba ya tuɓe nasa a tsakiyar hanya. Yacouba ya zame nasa bayan randa, ɗaya ya kife, ya bar shi haka. Sai Nafissa. Ta taka zuwa hagun ƙofa, ta zare silifas ɗinta, ta sunkuya ta daidaita su da yatsa biyu, kafaɗa da kafaɗa, hanci na kallon bango. Ba ta ma san ta yi ba. Ta shiga, ta taɓa gadon da bakin farce, ta fito.

Zailani ya durƙusa, ya ɗaga ƙwarya ɗaya. Sawun jiya da sawun yanzu suna kwance kusa da juna. Siririyar ƙafa, yatsu a matse, babban ya hau maƙwabcinsa, ƙafar da takalmi mai dogon dunduniya ya lanƙwasa. Ba sai mai bin sawu ba, ko Yacouba ya gani, ya ja da baya har ya bugi randar.

"Alhaji," Zailani ya ce, bai ɗago ba, "wanda ya shiga ɗakin nan ya ari takalmin Isaka don ya ɓad da sawu. Amma da ya iso ƙofar kakarshi, ƙafarshi ta ƙi shiga da takalmi. Ta ajiye su inda aka koya mata."

Alhaji ya juya ya dubi 'yarsa.

"Nafissa. Ce mini ƙarya ne."

Ta daɗe tana kallon sawun. Da ta yi magana, muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Papa, aro na roƙe ta. Bikin ƙawata Zeinabu ne, duk ƙawayen amarya da zinariya za su zo, ta gaske. Na roƙe ta har da kuka, ta ce sai ranar aurena. Ni kuma in je da ta roba su ɗauke ni hoto? Kai ba ka san yadda suke kallon mutum ba."

"Sai kika fasa mata kai?"

"Barci take. Ta farka ta riƙe mini riga, na fizge, ta faɗi kan ƙarfen gado. Ban yi niyya ba."

"'Yan kunnen fa?" Yelwa ce ta tambaya, da wata murya da ba tata ba.

Nafissa ta kawar da kai. "Sarƙar ba ta tafiya sai da su."

Yelwa ta ɗora hannu a ka ta zube ƙasa. Alhaji ya yi ta salati yana maimaitawa kamar wanda ya manta sauran kalmomin duniya. Zailani ya jira yarinyar ta tambayi yadda kakarta take, ko ta ambaci Isaka. Ta buɗe baki, sai ya ji ta ce:

"Papa, don Allah kada maganar nan ta fita. In ta shiga waya, na mutu. Ba ni iya sake shiga lekol in zauna aji."

*

Alhaji ya ja Zailani zuwa falo, ya rufe ƙofa. Cikin rabin yini mutumin ya tsufa.

"Malam Zailani, ɗiya mace ce. In wannan ya fita, wa zai aure ta? Wa zai sake shiga shagona?" Ya share fuska da hannun riga. "Isaka ya riga ya shiga. Zan ɗaukar mishi lauya, ba zai daɗe ba. Iyalinshi na Tondibia ni zan riƙe su. Kai kuma kangon da kake ciki, in gama gina shi in rubuta maka. Sawu ne a yashi. Tsintsiya ɗaya ta ishe shi."

Zailani ya kalle shi, wannan karon a fuska. Abin da yarinyar ta faɗa ya girgiza shi, amma wannan ya fi. Ya tuna matarsa da yaransa, ya tuna damina na tafe, ya san in ya fita ƙofar nan da a'a, yau ba su da wurin kwana.

"Alhaji, na ci arzikinka, ba ni musu. Amma ban taɓa ɗora wa ƙafa sawun da ba nata ba. In ka kai ta da kanka, ya fi mata daraja. In ba ka iyawa, ni ina tafiya yanzu."

Zailani ya fita, ya kulle sashen Hajiya, ya sa mabuɗin a aljihu, ya tsayar da ɗan kabu-kabu. Sun kusa kwanar komisariya, ofishin 'yan sanda, ya waiga, ya hango motar Alhaji tana biye da su a hankali, da mutum biyu a ciki, uba da 'yarsa.

*

Gab da magariba aka fito da Isaka. Yana ɗingishi, rigar Juma'arsa a yage. Zailani ya riƙe shi suka zauna a kan dakalin bakin titi.

"Hajiya?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Ta buɗe ido ɗazu. Ba ta yi magana ba tukuna."

"Alhamdu lillahi." Ya sauke numfashi. "To wane ne, Malam? Ɗan wane kartiye ne, wace unguwa?"

Zailani ya so ya yi shiru, amma mutumin ya biya kuɗin sani da jikinsa. Ya faɗa masa.

Isaka ya yi dariya, gajeriya, don ya ɗauka kunnensa ne da aka doka. Da ya ga fuskar Zailani sai dariyar ta mutu. Ya zame daga dakalin ya zauna a ƙasa.

"Nafissa? Ni na riƙa kai ta lekol a kan keke. In rana ta yi zafi, hulata nike sa mata." Ya dubi ƙofar komisariyar da ya fito, hawaye na bin kumburin fuskarsa. "Ita ta ɗauki takalmina? Ta san nawa ne ta ɗauka?"

"Ta sani."

Ladan ya fara kiran salla a wani masallaci can gaba.

"Malam Zailani," ya ce a hankali, "dukan jiya bai yi mini ciwo haka ba. Da ka bar ni a ciki ban ji ba."